Horar da Ma'aikata da Na'ura: Inda Riba Take da Inda Hasara Take

LEGAS: Duk mai masana'anta ko shugaban kamfanin da ya taɓa tura ma'aikatansa kwas ya san cewa ladan malami shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Akwai kuɗin mota ko na jirgi, akwai na otal da alawus ɗin kwana, sa'an nan ga aikin da zai tsaya har sai mutum ya dawo. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe ofisoshi a Legas da Ogun da Abuja, kamfanoni da dama a ƙasar nan suka karkata ga horar da ma'aikata ta kwamfuta da wayar salula, kuma da yawa daga cikinsu ba su koma wa tsohuwar hanya gaba ɗaya ba bayan da annobar ta lafa. Abin da ke gaban masu dukiya a halin yanzu shi ne sanin wace na'ura ce ta dace da wane irin aiki, da kuma yawan ma'aikatan da za a horar kafin ta mayar da kuɗinta.

Sana'ar da ta fi kowace daɗewa tana fama da wannan lissafi ita ce ta tuƙin jirgin sama, saboda haka a can ne ya fi dacewa a fara dubawa. A shekarar 1929 wani matashi mai suna Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar ƙera fiyano da sauran kayan kiɗa masu aiki da iska a garin Binghamton na jihar New York ta Amurka, ya harhaɗa wani akwati mai siffar ɗakin matuƙin jirgi. Ya ɗora shi a kan zugazugai irin na kayan kiɗan mahaifinsa, ta yadda idan na ciki ya murɗa sandar tuƙi sai akwatin ya karkata dama ko hagu, ya ɗaga kai ko ya sunkuya. Da farko masu harkar jiragen sama ba su kula shi ba. Masu wuraren wasa da shaƙatawa ne suka riƙa saye domin jama'a su biya 'yan kwabbai su hau.

Sai a shekarar 1934 al'amarin ya sauya. A cikin watan Fabrairu na wannan shekara gwamnatin Amurka ta soke kwangilar kamfanonin da ke jigilar wasiƙu ta sama, ta miƙa aikin ga mayaƙan sama na rundunar sojanta. Waɗannan matuƙa sun saba tashi da rana suna kallon ƙasa, ga shi kuwa aikin wasiƙu na dare ne, cikin hazo da dusar ƙanƙara. Cikin 'yan makonni fiye da mutum goma daga cikinsu suka halaka. Nan da nan rundunar ta sayi akwatunan Link guda 6, a kan kimanin Dala 3,500 kowane ɗaya, domin a rufe matuƙi a ciki ya koyi tuƙi da agogunan da ke gabansa kaɗai. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, kuma Amurkawa fiye da 500,000 ne suka yi horo a cikinsu.

Na'urorin kwaikwayon tuƙi na yau, waɗanda kamfanoni irin su CAE na ƙasar Kanada ke ƙerawa, kowace ɗaya tana cin miliyoyin daloli, amma duk da haka kamfanonin jiragen sama na ganin araharsu. Awa ɗaya a cikin na'ura ba ta shan man jirgi, ba ta cin taya ko inji, kuma ba ta janye jirgi daga ɗaukar fasinja. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a cikin na'ura ana iya kashe wa matuƙi inji ɗaya daidai lokacin tashi, ko a cinna masa gobara a ɗakin kaya, ya yi kuskure ya fāɗi, a tashe shi a sake, har sai hannunsa ya saba. Matuƙi na iya shekara talatin yana aiki bai gamu da irin wannan rana ba, amma idan ta zo 'yan daƙiƙoƙi ne gare shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ingancin manyan na'urorin ya kai ga hukumomin sufurin sama sun yarda gogaggen matuƙi ya koyi sabon samfurin jirgi a cikinsu baki ɗaya, ranar da zai fara tuƙa na gasken kuwa da fasinjoji a bayansa, wani kyaftin mai horarwa na zaune a gefensa.

A cikin wannan sana'a ɗin ce kuma aka sami misali mafi muni na abin da tsimin kuɗin horo ke iya haifarwa. A ƙarshen shekarar 2010 kamfanin Airbus na Turai ya bayyana sabon jirginsa mai tsimin mai, wato A320neo, abin da ya sa kamfanin Boeing na Amurka ya gaggauta fito da 737 MAX a matsayin kishiya. Babban abin da Boeing ya riƙa tallata jirgin da shi shi ne cewa matuƙin da ya iya tsohon samfurin 737 ba ya bukatar shiga na'urar kwaikwayo kafin ya tuƙa sabon. Ga kamfanin da ke da dubban matuƙa wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Binciken da wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya fitar a watan Satumba na 2020 ya nuna cewa Boeing ya yi wa kamfanin Southwest alkawarin rage masa Dala miliyan ɗaya a kan kowane jirgi idan har hukuma ta wajabta horo a cikin na'ura.

Sabon jirgin kuwa ba daidai yake da tsohon ba. Injinansa sun fi girma, an kuma matsar da su gaba a jikin fiffike, lamarin da ke sa hancin jirgin ya nemi ɗagawa fiye da kima a wasu yanayi. Domin magance haka aka saka wata manhaja mai suna MCAS wadda ke dankwafar da hancin da kanta, tana dogara da ma'auni ɗaya tak da ke gefen jirgin. Ba a yi bayaninta a littafin jagoran matuƙa ba. Horon da aka ba su shi ne ɗan gajeren darasi a kan kwamfuta, wanda matuƙan wani babban kamfanin Amurka suka ce sun gama shi a kan iPad cikin abin da bai kai awa ɗaya ba.

Ranar 29 ga Oktoba, 2018, jirgin kamfanin Lion Air ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jakarta ta ƙasar Indunusiya, mutum 189 suka rasu. Ranar 10 ga Maris, 2019, na kamfanin jiragen saman Habasha ya faɗi minti shida bayan tashinsa daga Adis Ababa zuwa Nairobi, mutum 157 suka rasu, cikinsu har da 'yan Nijeriya biyu, Farfesa Pius Adesanmi da Jakada Abiodun Bashua. An dakatar da jirgin a duk duniya, kuma a Amurka sai da ya yi wata ashirin a ƙasa. A watan Janairu na 2020 Boeing da kansa ya ba da shawarar a shigar da matuƙan jirgin cikin na'urar kwaikwayo, sa'an nan a watan Janairu na 2021 ya amince ya biya Dala biliyan 2.5 a wata yarjejeniya da ma'aikatar shari'ar Amurka, bisa tuhumar yaudarar sashen hukumar sufurin sama da ke yanke hukunci kan irin horon da matuƙa za su yi.

Adalci ne a faɗi cewa asalin aibin yana cikin ƙirar jirgin, kuma darasin iPad ba shi ya kayar da shi ba. Amma abin lura ga ɗan kasuwa shi ne yadda aka yanke shawarar. An fara tsayar da abin da ake son kashewa, daga baya aka nemo irin horon da zai shiga cikin wannan adadi. Allon kwamfuta ya isa ya sanar da mutum sabuwar ƙa'ida ko sabon farashi. Aikin da hannu zai yi cikin firgici kuwa, sai an sa hannun ya yi shi sau da yawa. Haka abin yake ga mai kula da tukunyar tururi a masaƙa, da direban tankar mai, da ma'aikacin da ke hawa turken wutar lantarki.

Yadda lissafin yake

Ta fuskar tattalin arziki, bambancin horo a aji da horo ta na'ura yana ga yadda kuɗin ke fita. A aji, kusan kowane ƙarin mutum yana zuwa da nasa kuɗin, domin sai an kai shi, an ciyar da shi, an ba shi masauki. Ta na'ura kuwa, akasarin kuɗin ana kashe shi ne tashi ɗaya wajen tsara darasi, ɗaukar hoto da rubuta manhaja, bayan haka ƙara mutum ɗaya ba ya cin wani abin kirki. A ɗauka, domin misali kawai, tsara wani darasi zai ci Naira miliyan 6, kowane ma'aikaci kuma zai ci Naira 5,000 na data da sa ido, alhali a aji kowane mutum Naira 65,000 ne. A kan ma'aikata 100 hanyoyin biyu sun yi kunnen doki, kowace Naira miliyan 6.5. Mai ma'aikata 30 zai kashe Naira miliyan 1.95 a aji, amma miliyan 6.15 ta na'ura. Mai ma'aikata 1,000 kuwa zai kashe miliyan 65 a aji, miliyan 11 ta na'ura. Saboda haka shawarar da ta dace da banki mai rassa a jihohi 36 na iya zama ganganci ga mai gidan burodi.

Waɗanda suka fara wannan kasuwa sun sha wuya a kan wannan lissafi. A shekarar 1960 aka ƙirƙiro tsarin koyarwa ta kwamfuta mai suna PLATO a Jami'ar Illinois, kuma a cikin shekarun 1970 kamfanin Control Data ya karɓe shi domin sayar wa makarantu da masana'antu. Ya zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli, amma a wancan zamani kwamfuta da layin sadarwa sun yi tsadar da sau da yawa ɗaukar malami ya fi sauƙi, kuma kamfanin bai ga ribar da ya yi tsammani ba. Abin da ya sauya tun daga lokacin shi ne farashin kai darasi ga mai koyo. Yau allon yana cikin aljihun ma'aikaci, shi ya saya da kuɗinsa, sa'an nan akwai manhajojin tsara darussa na kyauta irin su Moodle, wadda wani ɗan Ostareliya, Martin Dougiamas, ya fitar a 2002. Kuɗin tsara darasi mai kyau dai bai faɗi kamar haka ba, domin har yanzu aikin ƙwararrun mutane ne.

Kamfanin Walmart, wanda ya fi kowane kamfani mai zaman kansa yawan ma'aikata a Amurka, shi ne misalin wanda yawa ya yi wa rana. A 2017 ya fara amfani da wani irin tabarau da ake ɗaurawa a fuska, wanda ke nuna wa mutum wuri kamar yana tsaye a cikinsa, a cibiyoyinsa na horarwa kimanin 200. A 2018 ya ba da sanarwar raba irin wannan tabarau samfurin Oculus Go guda 17,000 ga kantunansa. Sabon ma'aikaci kan sa tabarau ɗin ya tsinci kansa a tsakiyar turmutsitsin masu saye na ranar babbar gwanjon ƙarshen shekara, ko a gaban mai saye da ya fusata, tun kafin ranar ta zo.

Kamfanin binciken kuɗi na PwC ya yi wani gwaji a kan sababbin manajojinsa a Amurka, wanda ya bayyana sakamakonsa a 2020. Ya ce masu tabarau sun gama darasin cikin kashi ɗaya bisa huɗu na lokacin da na aji suka ɗauka, cewa kuɗin hanyoyin biyu na yin daidai a kan mutum 375, kuma a kan mutum 3,000 tabarau ya fi aji sauƙi da kashi 52 cikin ɗari. Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da tunanin cewa darasi ɗaya ne aka gwada, a kamfani ɗaya, wanda shi kansa yana sayar da shawara kan irin wannan fasaha. Ko da an karɓe su yadda suke, kamfanoni nawa ne a Kano ko Aba ke da mutum 375 masu bukatar darasi iri ɗaya? Akwai kuma tsufan kaya. Kamfanin Facebook ya daina sayar da Oculus Go a 2020, wato shekara biyu kacal bayan fitowarsa. Duk wanda zai sayi irin waɗannan na'urori da Dala, a kan canjin yau, wajibi ne ya raba kuɗinsu a kan 'yan shekaru kaɗan.

Matsala ta gaba ita ce wadda masu tallar manhaja ba su cika son a tayar ba, wato ko ma'aikacin zai zauna ya gama darasin. A watan Janairu na 2019 mujallar Science ta buga nazarin da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka yi kan darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT. Sun gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka shiga suka kammala, amma a cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida adadin ya kai kashi 46. Gaskiya ne ma'aikacin kamfani ba shi da 'yancin watsar da darasi kamar ɗalibin sa-kai, domin ofishin kula da ma'aikata na bibiyarsa. Sai dai tilas tana da tata dabarar kaucewa, wadda duk ma'aikacin banki ya sani: a kunna darasi a bar shi yana tafiya ana wani aiki, a karɓi amsoshin jarrabawa daga abokin zama, manhaja ta rubuta cewa kowa ya ci. Shugaba ya ga kashi ɗari bisa ɗari a takarda ya yi murna, alhali babu abin da ya sauya a kan kanta.

Tun a 1959 wani malami Ba'amurke, Donald Kirkpatrick, ya rarrabe matakai huɗu na auna horo: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko halinsu a bakin aiki ya sauya, da kuma ko kamfani ya ga sakamako. Kwamfuta ta ƙware wajen ƙidaya na farko da na biyu, kuma a nan ne akasarin rahotanni ke tsayawa. Na uku da na huɗu suna cikin littattafan da kamfani ya riga ya mallaka, wato yawan yadin da ya lalace, buhunan da suka fashe, awoyin da inji ya tsaya, haɗurran motoci, kuɗin da ya ɓace a hannun kashiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a horar da reshe ɗaya a bar wani mai kama da shi, bayan wata uku a gwada alƙaluman biyu kafin a sa hannu kan babbar kwangila.

Akwai kuma mantuwa. Tun 1885 masanin Jamus Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa akasarin abin da aka haddace yana zubewa ne a kwanakin farko, kuma maimaici a rarrabe ya fi zama ɗaya mai tsawo. A nan wayar salula ta fi otal. Taron bita na kwana uku sau ɗaya a shekara ba zai iya yin abin da darasin minti biyar kowane mako zai yi ba. Amma ko wannan ba ya cire heluma ko shugaban sashe daga cikin lissafi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana'antun Amurka suka cika da sababbin hannu, gwamnati ta kafa wani shiri da ake kira TWI a taƙaice, wanda ya koya wa shugabannin ma'aikata fiye da miliyan ɗaya da rabi yadda ake koyar da aiki: a shirya mai koyo, a nuna masa daki-daki, a sa shi ya yi yana faɗin dalili, sa'an nan a riƙa leƙa shi. Bayan yaƙi aka kai shirin Japan, inda kamfanin Toyota ya rungume shi. Hoton bidiyo na iya ɗaukar nauyin nunawa, kuma zai nuna iri ɗaya ko sau dubu ne ba tare da gajiya ba. Sauran matakan uku suna nan a wuyan mutum.

Sabon abin da ya shigo fagen shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda ke kai koyarwa har cikin aikin kansa. A 2023 masana tattalin arziki uku, Erik Brynjolfsson da Danielle Li da Lindsey Raymond, suka fitar da nazari kan ma'aikata 5,179 masu amsa koke-koken abokan ciniki ta rubutu, waɗanda aka ba wasunsu manhajar da ke ba su shawarar amsa nan take. Yawan matsalolin da ake warwarewa a awa ya ƙaru da kashi 14 cikin ɗari a jimlace, amma ga sababbin hannu da masu rauni ƙarin ya kai kashi 34, ga tsofaffin hannu kuwa kusan babu wani bambanci. Mai wata biyu da manhaja ya kamo mai wata shida da ba shi da ita. Bayanin da masanan suka bayar shi ne manhajar ta koyi dabarun gwanaye daga tarin tsofaffin hirarrakin kamfanin, tana kuma raba su ga na baya. Sharaɗin da ke ɓoye a nan shi ne kamfanin yana da wannan tarin a rubuce. Kasuwancin da duk iliminsa ke cikin kan mutum biyu ko uku ba shi da abin da zai ba manhaja ta koya.

Wa zai biya?

Ko da an sami na'urar da ta dace, akwai tsohuwar fargabar masu kamfani, wato a kashe kuɗi a horar da mutum, ya kwashi ilimin ya koma wurin abokin gasa ko ya tsallaka ƙetare, a zama kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Bankunan ƙasar nan sun ɗanɗana wannan a 'yan shekarun nan da ƙwararrunsu na sashen kwamfuta suka riƙa ficewa zuwa Ingila da Kanada. Gary Becker na Jami'ar Chicago, wanda ya sami lambar Nobel a 1992, ya yi bayanin lamarin a littafinsa na 1964 kan jarin da ake zubawa a jikin ɗan Adam. Ya raba horo gida biyu. Akwai na musamman, wanda ba ya amfani sai a kamfanin da aka koya, kamar sanin injinansa da tsarin sitonsa, kuma wannan kamfani na iya zuba kuɗi a kansa hankali kwance. Akwai na gama-gari, kamar walda ko aikin akawu, wanda ma'aikaci zai iya sayarwa ko'ina, kuma a ra'ayin Becker ma'aikacin ne kan biya shi ta hanyar karɓar ƙaramin lada a lokacin koyo. 'Yan kasuwar Kantin Kwari da na Onica ba su bukaci littafi ba kafin su gane haka, domin yaron shago yana biyan iliminsa ne da shekarun hidima kafin ubangidansa ya sallame shi da jari.

Fasahar zamani ta ƙara tsananta wannan fargaba ta wata fuska, saboda takardar shaidar da ma'aikaci ya samu ta intanet daga wani sanannen kamfanin duniya kowa na iya karanta ta, daga Ikeja har Toronto. Ta wata fuskar kuma ta rage ta, domin bidiyon da kamfani ya ɗauka na tsohon injiniyansa yana kwance famfo yana ɗaurawa ya zama kadarar kamfani, ko injiniyan ya yi ritaya ko ya tafi.

Maganin da Nijeriya ta zaɓa tun da daɗewa shi ne a sa kowa ya zuba, domin kada wani ya zauna yana jiran waɗanda wasu suka horar. Dokar soja mai lamba 47 ta 1971 ce ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF, mai hedkwata a Jos. Kamfanonin da dokar ta shafa suna biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da suka biya a shekara. Gyaran da aka yi wa dokar a 2011 ya saukar da ma'aunin zuwa ma'aikata 5, sa'an nan dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta mayar da shi ma'aikata 25. Kamfanin da ya horar da mutanensa yana iya neman a mayar masa da abin da ya kai rabin abin da ya zuba, matuƙar Asusun ya gamsu da tsarin horon da shaidar da aka gabatar. A nan manhaja na da wani amfani na gefe, domin tana ajiye sunan wanda ya yi darasi, da ranar, da sakamakonsa. Hikima ce dai a tuntuɓi ofishin Asusun na yanki a sami amincewarsa tun kafin a fara, maimakon a je da rasit bayan an gama.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hukunci a kan zaɓin na'ura. Darasin da ke bukatar intanet mai ƙarfi na awa guda ba zai yi wa ma'aikacin reshen da ke aiki da janareto ba, balle bayan da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025. Gajeren bidiyon da za a sauke sau ɗaya a ofis a kalla ba tare da data ba ya fi dacewa, kuma idan kamfani ne ya wajabta darasin, shi ya kamata ya ɗauki kuɗin datar da lokacin, kada a bar wa ma'aikaci ya yi da dare daga aljihunsa. Sa'an nan ga harshe. Akasarin darussan da ake sayowa a shirye da Turancin Amurka ko na Ingila suke, da misalan da ba su yi kama da wurin aikinmu ba, alhali direbobi da masu gadi da leburorin da haɗari ya fi faɗa wa da yawansu sun fi fahimtar Hausa, Yarbanci, Ibo ko Turancin buroka. Bidiyon minti uku da aka ɗauka da waya a cikin masana'antar kanta, heluma na bayani da harshen da yake magana da yaransa, ba zai ci ko kashi ɗaya bisa goma na wancan ba.

Ga ƙananan kamfanonin da yawansu bai kai su mayar da kuɗin tsara darasi ba, hanyar da kamfanonin jiragen sama suka bi a buɗe take. Ƙaramin kamfani ba ya sayen na'urar kwaikwayo, hayar awoyi yake yi a cibiyar da ke yi wa kamfanoni da yawa aiki. Masu casar shinkafa ashirin da ke da injina iri ɗaya, ko masu motocin dakon kaya da ke ƙarƙashin ƙungiya ɗaya, za su iya haɗa kuɗi a tsara musu darasi ɗaya ta hannun ƙungiyarsu ko majalisar ciniki ta jiharsu. A misalin da aka kawo a baya, Naira miliyan 6 da aka raba wa kamfanoni ashirin ta koma Naira 300,000 a kan kowanne, kuma mai ma'aikata 30 da zai kashe miliyan 1.95 a aji zai tashi da Naira 450,000.